Ranar da Wendel Ya Yaga Takardarsa

A garinmu, Campina Grande, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Shekarunta goma sha biyu. Tana da ƙoƙari a aji, tana da hannun zane. Abu ɗaya ne ba ta iya jurewa, wato a yi mata dariya.

Kowace Juma'a, bayan abincin rana, ita da abokanta uku sukan koma makaranta. Malama Zuleide, mai kula da ɗakin karatu, takan ba su teburin da ke kusa da taga. A nan suke yin wasan jarumai.

Ga yadda wasan yake. Kowane yaro yana da jaruminsa. Ana rubuta sunan jarumin da ƙarfinsa da baiwarsa a kan takarda guda. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari. Shi ke faɗin inda aka je da abin da aka tarar. In jarumi zai yi abu mai wuya, sai mai shi ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. Babbar lamba nasara ce, ƙarama kuwa faɗuwa. Suna da wani tsohon littafin dokoki wanda bangonsa ya cire.

Yarinyar ce mai riƙe da labari. Taís tana da maharbiya. Jurandir yana da matsafi. Wendel kuma yana da makiyayi mai rigar fata.

Takardar Wendel ba kamar ta sauran ba ce. Yayansa Cleiton ne ya rubuta ta da hannunsa. Cleiton ne ya koya musu wasan tun suna aji huɗu. Bara zazzaɓi mai tsanani ya kama shi. Ya yi kwana tara a kwance, ya rasu.

Wendel yana ajiye takardar a cikin leda don kada ta yi datti. A kusurwarta ta ƙasa akwai ɗan zanen hula, da rubutun Cleiton cewa, "Na ƙanena ne, kada kowa ya taɓa."

Cleiton ya bar musu ƙa'idoji biyu. Ta farko, in littafi bai yi bayanin wani abu ba, a tsaya a yanke shawara kafin a jefa ɗan ludo. Ta biyu, in jarumi ya mutu, mai shi zai yaga takardarsa da hannunsa, ya sa a wani kwalin takalmi. Kwalin nan suna kiransa maƙabarta.

Yarinyar ta san duk wannan sarai.

Wata Juma'a a farkon watan Yuni, ta zo da sabon labari. Mako uku ta yi tana shirya shi. Ta zana wani ƙaton maciji da ke kwance a busasshiyar madatsar ruwa. Ta zana taswirar kogonsa. Shirinta shi ne macijin ya sumar da maharbiyar Taís, ya ja ta cikin kogo, sauran su bi ta.

Da suka fara wasa, ta sauke murya ta ce, "Macijin ya ɗaga kai. Ya buɗe baki. Wani koren hayaƙi mai guba ya fito, ya nufi maharbiya."

Taís ta dafe kai. "Wayyo ni! Me ya sa kullum ni ce?"

"Don ke kika fi kowa iya ihu," in ji Jurandir.

Wendel ya buga tebur. "Makiyayina ya yi tsalle, ya shiga gabanta!"

Ya jawo littafin ya karanta da ƙarfi. "In za a cutar da abokin da ke kusa, makiyayi na iya shiga gabansa. In lamba ta wuce goma, rigar fatarsa za ta tare harin, su biyun su tsira."

Jurandir ya sosa kai. "To, amma hayaƙi fa? Akwai maganar hayaƙi a ciki?"

Suka duba shafin gaba, suka duba na baya. Littafin ya ba da misalin takobi da kibiya. Bai ce komai ba game da hayaƙi.

A nan ne ya kamata yarinyar ta tsayar da wasa, su yi shawara. Amma ta yi tunani a ranta, ta ce wataƙila ya jefa ƙaramar lamba, shi ke nan babu gardama.

"Jefa kawai," in ji ta.

Wendel ya hura wa ɗan ludon iska, ya jefa. Ya gangara ya tsaya kusa da gwiwar hannun Taís. Sha tara.

Wendel ya miƙe yana rawa. "Ina macijin naki? Ke, wannan ai tana ce! Mako uku kina zanen tana!"

Jurandir ya fashe da dariya. Taís ma ta rufe baki tana dariya.

Yarinyar ta dubi zanenta. Ta dubi taswirar kogon da yanzu ba mai shigarsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta rufe littafin a hankali.

"Rigar fata ba ta tare hayaƙi," in ji ta.

Wendel ya daina rawa. "Me kika ce?"

"Hayaƙi ba takobi ba ne. Ka shiga gabanta, ka shaƙe shi duka. Makiyayinka ya mutu."

"Haba! Ke kika ce in jefa!"

"Na ce ka jefa. Ban ce zai yi aiki ba."

Taís ta kama hannunta. "Ke, ki yi hankali. Kin san takardar wa ce fa."

Yarinyar ta fizge hannunta. "Ni ce mai riƙe da labari. Abin da na faɗa shi ne hukunci."

Ta zaci Wendel zai roƙe ta. Ta yi niyyar in ya ba ta haƙuri a kan maganar tana, za ta sassauta. Amma Wendel bai roƙa ba. Ya zauna. Ya zaro takardar daga ledarta.

"Kai, Wendel, bari!" in ji Jurandir.

"Yayana ne ya sa ƙa'idar," in ji Wendel. "Ba ni zan karya ta ba."

Ya yaga takardar gida biyu. Har daga ƙofa aka ji ƙarar yagewar. Ya ɗauko kwalin takalmin daga saman kanta, ya sa gutsattsarin a ciki, ya rufe. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Ledar ma a kan tebur ya bar ta.

Ran Litinin Wendel bai zo makaranta ba. Ran Talata ma haka. Ran Laraba ya zo, ya zauna a can baya. Bai yi magana da kowa ba. Lokacin hutu bai ci abincin makaranta ba.

Taís ta ɗauke kujerarta daga kusa da yarinyar. Jurandir, in ya hango ta, sai ya canja hanya.

A gida, mahaifiyarta ta lura. Ta zuba mata shinkafa da wake, ta barbaɗa garin rogo yadda take so. Yarinyar ta yi ta juya cokali.

"'Yata, lafiya? Kwana uku ba ki cin abinci."

"Lafiya lau, Mama."

"Kun yi faɗa da Taís ne?"

"A'a. Wasa ne kawai. Su ne ba su san doka ba."

Mahaifiyar ta dube ta na ɗan lokaci. "To. In kin shirya faɗa mini, ina nan."

Juma'a ta zagayo. Yarinyar ta je ɗakin karatu. Ta shimfiɗa taswirarta, ta ajiye ɗan ludo a tsakiyar tebur. Ƙarfe biyu ta yi. Biyu da rabi ta yi. Ba wanda ya zo. Ruwan sama ya fara sauka a kan taga.

Malama Zuleide ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Yau ke kaɗai ce?"

"Sun yi fushi, Malama. Amma ba ni da laifi. Ki duba littafin da kanki. Bai ce rigar tana tare hayaƙi ba."

Malama ta sa tabarau ta karanta shafin har ƙarshe. "Gaskiyarki, bai ce tana tarewa ba. Ya ce ba ta tarewa?"

"A'a."

"To, littafi ya yi shiru ke nan. Wani zai ce tana tarewa, wani ya ce ba ta tarewa, kuma kowa da hujjarsa. Wannan ba laifi ba ne. Tambaya ɗaya zan yi miki. Yaushe kika yanke hukuncin? Kafin ya jefa, ko bayan kin ga lambar?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ina jin ki," in ji Malama.

"Bayan na gani."

"Da biyu ya jefa, da kin yi maganar hayaƙi?"

"Da ban yi ba."

"Da bai yi miki dariya ba fa?"

Nan yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ban so ya yaga ba, Malama. Na zaci zai ba ni haƙuri."

"Kin riƙe masa abin da ya fi so a duniya don ya durƙusa miki," in ji Malama a hankali. "Yanzu kin ga abin da ya faru. Me za ki yi?"

Yarinyar ta share hawaye. "Zan ɗauko takardar in mayar masa."

Ta ruga wajen kanta. Kwalin ba ya nan.

Malama Zuleide ta dafe ƙirji. "Allah sarki! Jiya aka share ɗakin nan. Za a yanka tutocin takarda a nan don bikin São João da ake yi kowane watan Yuni, aka ce a kwashe tsofaffin takardu. Maza, nemi Baba Anacleto."

Baba Anacleto shi ne mai sharar makaranta. Yarinyar ta same shi a baranda yana shan kofi.

"Baba, don Allah, ka ga wani kwalin takalmi a ɗakin karatu?"

"Mai cike da yagaggun takardu? Na zubar. Shara ce ai."

"Ba shara ba ce, Baba! Ina kake zubawa?"

Ya nuna bayan ɗakin girki da haɓarsa. "Buhu bakwai ne can. Gobe da safe mota za ta kwashe. Ke, wane irin abu ne a ciki, zinariya?"

"Rubutun Cleiton ne."

Tsohon ya ajiye kofinsa. "Yaron nan mai tsawo, ɗan Creuza? Allah ya jiƙansa." Ya miƙe da ƙyar. "Zo mu je."

Buhunan suna cikin ruwa. Suka kwance na farko, babu. Na biyu ɓawon ayaba ne da ragowar abinci. Wari ya cika wurin. Rigar makarantar yarinyar ta jiƙe, ta yi baƙi. Ba ta tsaya ba.

A buhu na biyar suka ga kwalin, ya murƙushe. Ta tona cikin takardun da suka manne da juna. Ta sami rabi na sama. Can ƙasa ta sami rabi na biyu. Tsakin kofi ya ɓata shi. Kusurwar ƙasa kuma ta cire. Zanen hula da rubutun Cleiton ga ƙanensa ba sa nan.

Suka juye sauran buhunan biyu. Suka duba ƙasa. Ba su ga kusurwar ba.

"'Yata, ruwa ya narkar da ita," in ji Baba Anacleto. "Tafi gida kada ki yi mura."

Da mahaifiyarta ta gan ta a ƙofa, ta ce, "Wayyo Allah! Cikin kwata kika faɗa?"

Yarinyar ta faɗa mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Mahaifiyar ba ta yi mata tsawa ba. Ta shimfiɗa tawul, ta ɗora takardun, ta rufa musu ƙyalle, ta bi su da dutsen guga mai ɗan ɗumi har suka bushe. Sannan suka haɗa gefe da gefe, suka manna da salatif ta baya.

"Mama, in zana masa hular? Na iya. Ba zai gane ba."

"A'a. Wannan zai zama ƙarya ta biyu. Ki kai masa yadda take, ki faɗa masa gaskiya."

"In ya ƙi karɓa fa?"

"Yana da iko ya ƙi. Ke dai ki je."

Washegari da hantsi suka tafi tare. Dona Creuza, mahaifiyar Wendel, tana turara dambun masara. Ta ba su kujeru, ta kira ɗanta.

Wendel ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. "Me kike nema?"

Yarinyar ta miƙa masa takardar da hannu biyu. "Na cuce ka, Wendel. Sai da na ga sha tara sannan na ƙirƙiro maganar hayaƙi. Na yi ne don ka yi mini dariya. An zubar da kwalin cikin shara, na tono ta. Kusurwar ta ɓace. Na nema ban samu ba. Ka yafe mini."

Wendel ya karɓa. Ya shafa wurin da kusurwar take a da. Hawaye suka zubo masa.

"Nan ne kawai ya rubuta mini magana," in ji shi.

Yarinyar ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Can Wendel ya ce, "Kuma ba ta da amfani yanzu. An yaga, an sa a maƙabarta. Ƙa'idar yayana ke nan."

Dona Creuza ta goge hannu a zaninta. "Ƙa'idar yayanka? Tsaya ka gani."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ambulan. Ta zazzage shi a kan tebur. Takardun jarumai ne guda shida, duka da rubutun Cleiton. Kowacce an yaga ta biyu, kuma kowacce an manna ta da salatif.

"A ƙarƙashin katifarsa na same su," in ji ta. "A gaban abokansa ya yaga kamar wani jarumi. In sun tafi, ya lallaɓa ya ɗauko abinsa. Ni na saya masa salatif ɗin, ina zaton aikin makaranta ne."

Wendel ya dubi takardun. Ya ɗaga ɗaya. Sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba. "Kai, Cleiton! Ashe ɓarawon maƙabarta ne!"

Dona Creuza ma ta yi dariya tana share ido.

Wendel ya juya ga yarinyar. "Ni ma bai kamata in kira macijinki tana ba. Ya yi kyau. Tsoro ma ya ba ni."

"Za ka zo ran Juma'a?"

"Zan zo. Amma ki faɗa a gaban su Taís abin da kika faɗa mini."

"Zan faɗa."

Ran Juma'a su huɗu suka hallara. Tutocin takarda masu launi sun cika rufin ɗakin karatu. Yarinyar ta miƙe tsaye, ta maimaita maganarta duka. Ba ta sauke murya ba.

Taís ta ce, "To, Alhaji maciji ya dawo, sai mu zauna."

"Mu fara da shawara," in ji yarinyar. Ta ɗauki ɗan ludon ta ba Malama Zuleide ta riƙe. "Rigar fata tana tare hayaƙi, ko ba ta tarewa?"

"Tana tarewa mana," in ji Taís. "Sai ya lulluɓe mu da ita."

"Amma hayaƙi yana shiga ta ko'ina," in ji Jurandir. "Ya fi kibiya wuyar tarewa. Ni dai na ce sai lamba ta wuce sha huɗu."

"Kai, matsafin banza, gefen maciji kake?" in ji Taís.

"Gefen gaskiya nake, ke mai ihu."

Suka yi ta gardama har minti goma. A ƙarshe kowa ya yarda da maganar Jurandir. Yarinyar ta rubuta ta da fensir a gefen shafin, don ta hau kan kowa daga ranar. Suka kuma yarda cewa in jarumi ya mutu, mai shi zai tafi gida da takardarsa lafiya lau.

"To, sha taran da ya jefa ta wuce sha huɗu," in ji Taís. "Ya tsira."

Wendel ya girgiza kai. "A'a. Mun riga mun san lambar kafin mu yanke. Sake jefawa zan yi."

Malama ta sa masa ɗan ludon a tafin hannu. Yarinyar ta runtse ido. Ta ji yana gangarawa a kan katako, ta ji ya tsaya.

"Sha shida!" Jurandir ya yi ihu.

Taís ta rungume Wendel har kujerarsa ta kusa kifewa. Yarinyar ta buɗe ido. Tun da take riƙe da labari, ba ta taɓa jin daɗin an kayar da dodonta kamar ranar ba.

"Makiyayi ya lulluɓe maharbiya da rigarsa," in ji ta. "Hayaƙin ya wuce ta kansu. Macijin ya fusata, ya juya, ya shige kogonsa. Me za ku yi?"

"Mu bi shi!" in ji su ukun gaba ɗaya.

Yara, in an ba ku amanar yanke hukunci, ku yanke shi kafin ku san wanda zai ci da wanda zai faɗi. Kada ku yanke shi cikin fushi. In kuwa kun cuci wani, ku je da ƙafarku ku faɗi gaskiya, ko da ba duk abin da ya ɓace ne zai dawo ba.